Ragargaza, Ragargaji, Ragargaje: Me Aka Yi wa 'Yan Bindigar?

Duk mai bin labaran Hausa a 'yan shekarun nan, ko a rediyo, ko a jarida, ko a wayar hannu, ya san da wuya mako ya wuce bai ci karo da kalmar ragargaza ba. Yau sojoji sun ragargaji 'yan bindiga a dajin kaza, gobe jiragen yaƙi sun ragargaza maɓoyarsu, jibi an ragargaje su baki ɗaya. Kafin wata ya mutu kuma sai a ji waɗanda aka ragargaza ɗin sun tare hanya, ko sun ɗora wa wani ƙauye haraji. Abin da filin namu zai duba a wannan mako shi ne ita kanta kalmar: mece ce ma'anarta a bakin Bahaushe, ina matsayinta a cikin 'yan'uwanta, kuma ko tana iya ɗaukar kayan da ake ta ɗora mata.

Hausa na da arzikin kalmomin da ke nuna mayar da babban abu ƙanana, kuma akasarinsu a gindin turmi aka haife su. Idan damin gero ya iso gida, sai a fara da sussuka domin raba tsaba da zangarniya, a shiƙe ƙaiƙayi ya tafi. Daga nan sai surfe, wanda ake yayyafa wa hatsin ruwa a yi ta bugu har dusa ta saki. Bayan wannan ne hanya ke rabuwa. Wadda za ta yi fate ko dambu sai ta ɓarza, tsaki ya fito da ɗan girmansa. Wadda za ta yi tuwo sai ta daka ko ta niƙa, ta tankaɗe, gari ya yi laushi luƙui. Abin da ke da danshi da danƙo, kamar fura ko sakwara, kirɓa shi ake yi. Tattasai da attaruhu da albasa jajjaga su ake yi in ana son a gan su a miya, a markaɗa su in ana son su narke. Ƙashi ko busasshen nama mai tauri sai an dandaƙa shi, ƙuliƙuli da gurasa kuwa a marmasa su da yatsu, abin da ya zuba a kira shi marmashi. Busasshen ganye a saka shi a tafin hannu a murƙushe.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da bayani uku a cikinta: da me aka yi aikin, abin busasshe ne ko ɗanye, kuma yaya girman abin da ya rage. Shi ya sa ba a musanya su. Yarinyar da aka aika ta ɓarzo masara ta dawo da gari ta ɓata girkin ranar, kuma ba za ta tsira da cewa ai duk niƙa ne ba. Injin niƙa ya zo ya haɗiye wasu daga cikin kalmomin, har ga shi yaran birni da yawa ba su san bambancin surfe da sussuka ba, amma ko a bakin injin mata na nan suna rarrabe layin niƙa da layin markaɗe.

To, ragargaza ba 'yar wannan gida ba ce. Duk waɗancan ayyuka ana yin su ne domin a sami wani abin amfani a ƙarshe: gari, tsaki, yaji, ƙullu. Ragargaza kuwa ba ta haifar da komai sai asara. Ba a ragargaza hatsi, ba a ragargaza wake. Abin da ake ragargazawa shi ne abin da amfaninsa ke cikin siffarsa, kamar tulu, tukunya, ƙwarya, gilashi, ƙashin mutum, ko motar da ta yi karo da babbar mota. Da siffar ta tafi, amfanin ya tafi. Ma'auni mafi sauƙi shi ne na gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya. Ƙwaryar da ta tsage ana kai masa. Wadda ta fashe biyu ko uku ma yakan haɗa ta, ta koma awon hatsi ko da ba za ta ƙara riƙe nono ba. Amma wadda ta ragargaje ba mai ɗaukar ta zuwa wurin gyartai, sai dai a kawo tsintsiya. Ma'anar kalmar ke nan a taƙaice: fasa abu gutsi-gutsi ta yadda ba zai sake haɗuwa ya yi aikinsa na da ba.

Ko sautinta ma ya nuna haka. Kunne na jin dangantaka tsakanin ragargaza da raga-raga, kamar yadda yake ji tsakanin rugurguza da rugu-rugu, da kuma dagargaza da daga-daga. Maimaicin da ke tsakiyar kalmar shi ke ba ta wannan ƙarar ta abu mai faɗuwa yana tarwatsewa, irin maimaicin da ke mayar da fasa ta zama farfasa, ko karya ta zama kakkarya. Kalma ce mai cika baki, mai daɗin faɗa, kuma ina jin wannan daɗin na daga cikin abubuwan da suka jawo mata shiga hannun masu rubuta kanun labarai.

Yanzu bari mu dubi wutsiyar kalmar, domin a nan ne Hausa ta ɓoye wani bambanci da ba kowa ke lura da shi ba. Ɗaliban nahawu sun san tsarin da F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Ba sai mutum ya shiga aji ba kafin ya san abin da tsarin ke nufi, domin kowane Bahaushe na aiki da shi kullum. Wanda ya sayi goro ya bar wani a faifai, wanda ya saye goro bai bar ko ɗaya ba. Wanda ya ɗebi hatsi ya rage saura a rumbu, wanda ya ɗebe hatsi ya bar rumbu wayam. Wasali ɗaya ne ya sauya, amma shi ne tsakanin mai goron da zai ci gaba da ciniki da wanda zai naɗe faifansa ya tafi gida. A aikatau da yawa, siffar da ke ƙarewa da -i kafin suna tana nuna an taɓa abu ko an ɗauki wani sashe nasa, wadda ke ƙarewa da -e kuma tana nuna an gama da shi ƙaf.

Haka abin yake ga kalmarmu, sai dai harafin z yakan koma j a gaban i da e, kamar yadda kaza ke zama kaji, ciza ta zama ciji da cije. Idan aka ce yaro ya ragargaza tulu, an faɗi aikin da ya yi wa tulun. Idan aka ce tulu ya ragargaje, ko ya ragargaje shi, an rufe magana, babu sauran tulu. Amma idan aka ce baƙi sun ragargaji tuwo, ba wanda zai ɗauka cewa tuwo ya ƙare a duniya, ko ma a gidan. Abin nufi shi ne sun ci da yawa, sun ci da ƙarfi. Saboda haka editan da ya rubuta cewa sojoji sun ragargaji 'yan bindiga, ko ya sani ko bai sani ba, ya zaɓi siffar da ta fi kusa da gaskiya a cikin ukun: an yi musu ɓarna, an rage su, akwai saura. Wanda ya rubuta cewa an ragargaje 'yan bindigar daji kaza kuwa ya yi wa mai karatu alkawarin da ba a yi wa kowa sai an tabbata.

Akwai wani tarko kuma a nan wanda rubutun boko ya haƙa. Siffar ragargaji, idan wakilin suna ya biyo bayanta, komawa take yi ragargaje: sun ragargaji mutanen, sun ragargaje su. Ita ma ɗaya siffar, mai nuna gamawa ƙaf, haka ake rubuta ta: sun ragargaje su. A baki ba su rikicewa, domin ta farko murya na farawa daga ƙasa ne sai a gaɓar ƙarshe ta ɗaga, ta biyun kuma daga sama take farawa. Amma da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, jimla ɗaya a takarda tana iya nufin an yi musu dukan kawo wuƙa, tana kuma iya nufin an shafe su. Mai karanta labarai a rediyo, da takardar a gabansa, shi zai zaɓi muryar da zai ɗora wa kalmar, kuma da wannan zaɓi na ƙiftawar ido yake gaya wa dubban masu sauraro ko dai an rage mugun iri ko kuwa an gama da shi.

Wani zai ce wannan ai gardamar malaman nahawu ce. Tarihin ƙasar nan bai yarda da haka ba. A watan Disamba na 1980 sojoji suka shiga unguwar 'Yan Awaki a Kano suka kawo ƙarshen tarzomar Maitatsine, bayan an rasa rayuka fiye da 4,000, shi kansa Muhammadu Marwa ya mutu. Ga dukkan alamu an gama. Amma a Oktoba 1982 sai ga almajiransa a Bulumkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna, a 1984 suka ɓulla a Jimeta ta Yola, a 1985 kuma a Gombe. Abin da ya faru a Kano, in za a kira shi da sunansa, tarwatsawa ne. An fasa taron, mutanen suka watsu, kowa ya tafi da abin da ke cikin kansa. Tarwatsa da ragargaza maƙwabtan juna ne, amma tarwatsattsen abu yana iya sake taruwa, kamar garken da kura ta fasa.

An maimaita darasin a Maiduguri a ƙarshen Yuli 2009. An rushe cibiyar Muhammad Yusuf, shi kuma aka kashe shi a hannun 'yan sanda ranar 30 ga watan. Ginin kam ya ragargaje, wannan ba gardama. Mutanen kuwa, a Satumba 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki fursunoni fiye da 700, abin da ya biyo baya kuma kowa ya san shi. Sai kuma ƙarshen Disamba 2016, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar cewa sojoji sun kama sansanin ƙarshe na Boko Haram a dajin Sambisa, ya kuma bayyana abin a matsayin murƙushewa ta ƙarshe. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 wani ɓangare na ƙungiyar ya kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakinsu, aka yi jana'izar 43 a rana guda. Shi kuwa Abubakar Shekau, a cikin wannan daji na Sambisa ya mutu a watan Mayu 2021, fiye da shekara huɗu bayan sanarwar, kuma a rikici da ɓangaren da ya ɓalle daga gare shi. Hausawa na da sunan irin wannan aiki tun tuni: an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ba ina rage wa sojoji ƙoƙarinsu ba ne. Kama wancan sansani aiki ne da aka biya da jini, haka ma ƙwato Gwoza a watan Maris 2015 daga hannun waɗanda suka mai da ita hedkwatarsu. Amma a duba kalmomin da na yi amfani da su yanzu: kama, ƙwato. Kowace na faɗin abin da ya faru, ana iya zuwa a gani, kuma ba ta buƙatar ƙari kafin ta zama abin yabo. Sojan da ya ƙwato gari ba ya bukatar a ce ya ragargaje abokan gaba kafin a san ya yi jarumta. Hasali ma kalmar da ta wuce aikin ita ke zubar da darajar aikin, domin ranar da waɗanda aka ce an ragargaje suka dawo, mai sauraro ba zai tsaya rarrabe wane sashe na labarin ne gaskiya ba, duka zai zubar.

Na san hujjojin masu kare wannan salo. Ta farko ita ce Hausa harshe ne mai son kambamawa, kuma haka ne. Ɗan dambe na kirari ya ce shi ne dutsen da ba a tauna shi, maroƙi ya kira maigidansa giwa, ba wanda ke zuwa neman haure. To amma mai sauraron kirari ya san kirari yake ji, kalangu ma na gaya masa. Mai sauraron labaran ƙarfe shida kuwa ya kunna rediyo ne domin ya san halin da ake ciki, kuma a yankunan da abin ya shafa sanin nan ba na nishaɗi ba ne. Da shi magidanci ke yanke shawarar ko zai mai da iyalinsa ƙauye, ko zai je gonar da ke bakin daji a daminar bana, ko direba zai bi gajeriyar hanya ko ya zagaya. Wanda ya ji an ragargaje su, kuma ya fahimci kalmar yadda uwarsa ta koya masa ita, ya ji cewa hanya ta buɗe.

Hujja ta biyu ita ce ƙarancin fili a kanun labari. Wannan kam ba ta tsaya ba ko kaɗan, domin kashe, kama, kora, ceto da ƙone duk sun fi ragargaza gajarta. Abin da ya sa ake guje musu shi ne kowace na jawo tambaya. In ka ce an kashe, za a ce mutum nawa? In ka ce an kama, za a ce suna ina, yaushe za a kai su kotu? In ka ce an kora, za a ce ina suka nufa? Ragargaza ba ta jawo tambayar komai, tana cika kunne ta bar kai babu labari.

Wani ɓangare na matsalar daga fassara yake. Sanarwar rundunonin tsaro da Ingilishi take fitowa, kuma masu rubuta ta suna da wasu kalmomi na aikin soja da aka zaɓa musamman domin kada su fayyace ko kashewa aka yi, ko raunatawa, ko kuwa hana motsi kawai. Mai fassara ya zo ya tarar da kalma marar fuska, ga lokaci na ƙurewa, sai ya cike gurbin da mafi ƙarar kalmar da ke kusa da hannunsa. Ta haka sanarwar da ta yi taka-tsantsan a Ingilishi ke zama shelar nasara a Hausa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: masu karatu su ma sun fi danna labarin da ya ce an ragargaza a kan wanda ya ce an yi musayar wuta, kuma masu shafukan intanet sun san haka sarai.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Kalmar asalinta ta kayan aiki ce, ta tulu da tukunya, kuma idan aka ɗora ta a kan mutane takan shafe fuskokinsu. Haka ma 'yar'uwarta luguden wuta, wadda aka aro daga luguden da mata ke yi a turmi, taɓarya na sauka bayan taɓarya. Wanda ya saba karanta cewa jirgi ya yi luguden wuta ya ragargaza maɓoya yakan daina tambayar su wa ke ƙasa. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, mutane da dama suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. A waɗannan wurare biyu ma'anar kalmar ta asali ta tabbata a kan jikin bil'adama, ta yadda ba a son a bayyana. Amma a irin wannan rana ne alƙalami ke yin sanyi, ya koma ga kuskure da rasa rayuka. Kalmar da ake rabawa kyauta idan ba a ga gawa ko ɗaya ba, ita ce ake ɓoyewa ranar da gawarwakin ke jere.

A fagen wasanni abin ya fi sauƙi, domin ba ran kowa a ciki, amma ko a can kalmar ta fara lalacewa. Ranar 8 ga Yuli 2014 Jamus ta ci Birazil 7 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, a gidan Birazil ɗin, biyar daga cikin ƙwallayen kafin a cika minti 30. Wannan ita ce ragargaza, ko gyartai ya gani zai kau da kai. To idan aka ba ƙungiyar da ta ci 2 da 1 da ƙyar wannan kalma, me za a kira wancan? Haka lallasa da caskara suka bi, har sun kusa zama ci kawai.

Abin da nake roƙon masu tace labarai ba shi da wuya. Kafin kalmar ta wuce teburinsu, su tambayi wanda ya kawo labarin abin da ya gani ko aka tabbatar masa. In bukkoki da babura aka ƙone, a ce an ƙone bukkoki da babura, a faɗi yawansu in an sani. In rundunar ce ta ce ta kashe mutum kaza, a ce rundunar ta ce, domin wannan ta ce ɗin ita ke raba abin da jarida ta sani da abin da aka gaya mata. In gini ne ko mota ko ma'ajiyar makamai bam ya mayar raga-raga, to ga wurin ragargaza nan, a yi amfani da ita ba tare da jin nauyi ba. In kuwa mutanen sun gudu ne, kalmar ita ce tarwatsa, kuma labarin bai kammala ba sai an gaya wa mutanen ƙauyukan da ke kewaye ta wace fuska suka bi.